Fumfunar shimfiɗa: yadda ake gane tabon da ke cin itace a ƙauyukan Jazira da Shuɗin Nilu

Tun bayan da sojojin Sudan suka sake karɓar Sinja a watan Nuwamban 2024 da Wad Madani a watan Janairun 2025, iyalai da dama sun koma gidajen da suka bari a kulle. Wasu ɗakunan sun sha damina ɗaya, wasu biyu, babu mai yaɓen rufi, babu mai buɗe taga. A irin wannan ɗaki mai gida kan iya tarar da wani tabo a jikin azara ko dirkar rumfa, fari ko ruwan ƙasa, a shimfiɗe kamar an shafa farar ƙasa. Tabon halitta ce mai rai, kuma sau da yawa shi ne alamar farko da ke nuna cewa itacen ya fara ruɓewa daga ciki. Ga bayani a kan yadda ake gane shi, da abubuwan da ake rikita shi da su, da matakin da ya kamata a ɗauka.

Mece ce fumfunar shimfiɗa?

Dangin naman kaza da laimar kwaɗi ce, sai dai ba ta da kara, ba ta da malafa. Tana manne wa itace ta bazu a jikinsa kamar fata ko fenti, galibi kaurinta bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba, shi ya sa a nan za a kira ta fumfunar shimfiɗa. Da Faransanci ana ce wa wannan rukuni corticiés. Sunan ya samo asali daga Corticium, wanda masanin tsirrai Christiaan Persoon ya raɗa a 1794 daga kalmar Latin mai nufin ɓawon itace. Jinsunan da aka sani a duniya sun haura dubu, kuma binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa ba zuri'a ɗaya ba ce, kamannin jiki ne kawai ya haɗa su.

Abin da ido ke gani a waje ɗan kaɗan ne daga cikin halittar. Ainihin jikinta wasu zaruruwa ne masu sirantaka ƙwarai, da ke ratsa cikin itace suna narkar da shi suna ci. Sai sun yi ƙarfi, kuma sun samu danshi, sannan su fitar da shimfiɗar da ake gani, wadda aikinta shi ne sakin ƙwayoyin iri da iska ke kwashewa. Saboda haka duk wanda ya kankare tabon ya share, bai taɓa ciwon ba tukuna.

Abu ɗaya ne ba ta iya rayuwa ba tare da shi ba, wato ruwa. Itacen da danshin cikinsa bai kai kashi 20 cikin ɗari ba, ba ya ruɓewa. Wannan ne ya sa azara ke shekara da shekaru lafiya lau a ɗaki busasshe, amma yoyon damina ɗaya ya buɗe mata ƙofar lalacewa.

Inda take samun wurin zama a yankin

Hausawa da Fulani sun daɗe a wannan yanki. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ne ya kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903. Da aka kammala madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe aikin noman Jazira, wasu da yawa suka zauna a ƙauyuka da unguwannin ma'aikatan gona da ake kira kanabi. Duk waɗannan wurare suna kusa da ruwa, ko kogi ko magudanun ban ruwa.

Ruwan sama yana ƙaruwa idan aka nufi kudu. Wad Madani kan samu tsakanin milimita 300 da 400 a shekara, Damazin kuma kusan 700. Kogin yana kai matuƙar cikarsa a watan Agusta zuwa farkon Satumba. Daga wannan lokaci har zuwa farkon kaka ne aka fi ganin shimfiɗar da ranta. Da rani takan bushe ta tsattsage, amma zaruruwan cikin itace suna nan suna jiran danshi.

Babban gidanta shi ne dazuzzukan bagaruwa, wadda Larabawan Sudan ke kira sunut, da ke cikin kwarurrukan da ambaliya ke cikawa tsakanin Sinnar da Rusairis. An daɗe ana kula da waɗannan dazuzzuka don samar da katakon shimfiɗar layin dogo, kuma yanzu suna ƙarƙashin Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa da aka kafa a 1989. Idan ruwa ya janye, rassan da suka faɗi da kututtura sukan daɗe da laima. A cikin gari kuwa, wuraren da za a duba su ne:

- bakin azara, inda ta shiga cikin katangar ƙasa;
- gindin dirka da turken dabbobi da itatuwan danga, daidai inda suka haɗu da ƙasa;
- ƙafafun rumbu da mazaunin randa;
- ƙasan tarin itacen girki da aka jibge a kan ƙasa;
- cikin kwalekwale, inda ruwa ke kwanciya.

A lura cewa ta fi son gefen ƙasa na itace, inda rana ba ta kai wa. Wanda bai juya gungume ba, ba zai gan ta ba. A juya shi da sanda, saboda kunama da maciji su ma can suke fakewa.

Itatuwa sun bambanta wajen juriya. Zuciyar bagaruwa, wato jan ɓangaren tsakiya, tana da tauri da sinadarin jima, irin wanda ya sa majema ke amfani da 'ya'yanta, don haka takan daɗe. Farin ɓangaren da ke ƙarƙashin ɓawo shi ne ke saurin ruɓewa a kusan kowace bishiya. Dushe, wadda ake kira talha, ba ta kai bagaruwa juriya ba, ƙwari ma suna saurin huda ta.

Abubuwan da ake rikita ta da su

Ba kowane tabo a jikin itace ne fumfunar shimfiɗa ba.

- Ginin gara. Ƙasa ce, tana marmashewa a hannu, kuma a ƙarƙashinta akwai hanyoyi, wani lokaci da garar kanta.
- Fumfunar abinci. Baƙa ko kore, kamar ƙura, ana goge ta da tsumma. Tana ɓata launin itace, ba ta rage ƙarfinsa sosai, amma tana nuna cewa akwai danshi.
- Tabon ɓawon bishiya mai rai. Akwai wata halitta mai launin toka ko kore-kore ko rawaya da ke zama a ɓawon bishiya da kan dutse, a fili inda haske yake. Da Faransanci ana ce mata lichen. Idan aka karce ta da farce aka jiƙa, akan ga kore a ƙarƙashi. Ba ta cin itace.
- Baƙin tabo mai kama da gawayi. Mai tauri ne, yana karyewa kamar gawayi, da ƙananan ɗigo a fuskarsa. Shi ma yana ruɓar da itace, amma wani dangi ne dabam.
- Mai ƙananan ramuka. Idan fuskar shimfiɗar cike take da huji kamar na rariya, to daga dangin masu ramuka take, 'yan uwan wadda ke fitowa kamar faranti a gindin bishiya. Ita ma alamar ruɓa ce.
- Gishiri ko farar ƙasa. Ba su da zare a gefe, kuma suna narkewa ko su goge da ruwa.

Abubuwa shida da ake dubawa

Kayan aikin ba su da yawa: wuƙa, da gilashin ƙara girma mai ninki goma, ko kyamarar waya idan tana iya ɗaukar abu daga kusa.

1. Fuska. Sumul take, ko mai ƙuraje, ko mai tamoji kamar fatar tsoho, ko mai ƙananan haƙora?
2. Gefe. Ya yanke tsaf, ko ya baje kamar gashin auduga, ko yana da igiyoyi kamar saiwa? Ya ɗago daga itace ya yi baki, ko yana manne?
3. Jiki. Kamar saƙar gizo-gizo, ko takarda, ko kakin zuma, ko fata? Tana ɓantarowa da bakin wuƙa, ko sai an yanko da itacen?
4. Launi. A rubuta launin tsakiya da na gefe tun tana ɗanya, domin yana sauyawa idan ta bushe. A karce ta a ga ko wurin zai sauya launi.
5. Itacen da take kai. Wace bishiya ce? Da ɓawo ko babu? Reshe ne a sama, ko gungume a ƙasa, ko katakon gini?
6. Irin ruɓar da ke ƙarƙashi. Ga mai gida wannan ya fi sauran muhimmanci, kuma bayaninsa na tafe.

Manyan rukunoni

Da waɗannan alamu ana iya kusantar rukuni, ko da ba a kai ga sunan jinsi ba. Rukunonin da ke biye suna da wakilai a nahiyoyi da dama, har da Afirka.

- Stereum. Mai tauri kamar fata. Gefenta na sama yakan ɗago ya yi kamar ƙaramin kunne, bayansa da gashi da zane-zane, cikinsa sumul. Wasu jinsunanta suna fitar da jan ruwa idan aka karce su da ɗanyensu.
- Hymenochaete. Launin tsatsa ko na busasshen ganyen taba. Da gilashi ana ganin ƙananan ƙayoyi a fuskarta. Idan aka ɗiga mata ruwan sinadarin fotash, wato KOH, nan take wurin yake baƙi.
- Peniophora. Siririya, launin toka ko ja-ja mai haske, a kan matattun rassa masu sauran ɓawo. Tana manne sosai, tana tsattsagewa idan ta bushe.
- Phanerochaete. Fara ko ruwan madara zuwa rawaya, mai laushi kamar takarda. Sau da yawa gefenta yana da igiyoyi.
- Phlebia. Kamar kaki take da ɗanyenta, mai tamoji ko ƙuraje, idan ta bushe sai ta yi tauri kamar ƙaho.
- Xylodon da makamantanta. Farare ne masu ƙananan haƙora ko tsiro a fuska.
- Coniophora. Tana farawa da launin madara, tsakiyarta ya rikiɗe ya koma ruwan ƙasa mai duhu, gefe ya zauna fari. An san ta da lalata katakon gine-gine masu danshi.
- Terana caerulea. Ita ce mafi sauƙin ganewa, don shuɗiya ce kamar ƙyallen da ya fito daga marina.

Farar ruɓa da jar ruɓa

Itace ya ƙunshi manyan abubuwa biyu, kamar yadda magini ke cuɗa ƙasa da ciyawa. Akwai selulos, wanda shi ne zaren, akwai kuma lignin, wanda ke ɗaure zaren ya ba shi tauri.

Mai farar ruɓa tana cin lignin ɗin har da zaren. Itacen yakan yi fari, ya yi laushi kamar soso, yana yagewa zare-zare. Yawancin fumfunar shimfiɗa a nan suke, kuma wannan ruɓa ce aka fi gani a itatuwa masu faɗin ganye da masu ƙaya irin na yankin.

Mai jar ruɓa tana cinye zaren ta bar lignin. Itacen yakan koma ruwan ƙasa mai duhu, ya tsattsage gida-gida kamar busasshen laka a bakin kogi, idan aka murza sai ya zama gari. Ta fi kama katakon da ake shigowa da shi daga ƙasashen sanyi, wanda 'yan katako ke kira muski. Haɗarinta shi ne ƙarfin katako yana raguwa da wuri, tun kafin ido ya ga wani babban sauyi.

Gwajin mai sauƙi ne. A soka bakin wuƙa a karkace a ɓamɓaro. Itace mai lafiya yana bayar da doguwar sartse, da ƙara. Ruɓaɓɓe yana karyewa guntu-guntu, shiru. A kuma ƙwanƙwasa da ƙotar gatari: mai lafiya yana amsawa da ƙarfi, mai ruɓa kuma muryarsa a dushe take.

Abin da sai an kai ɗakin bincike

Jinsuna da yawa kamanninsu ɗaya ne a ido, farare sumul. Raba su sai da madubin ganin ƙananan halittu. Masani yakan auna ƙwayoyin iri da maikuromita, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Yakan duba ko zaruruwan suna da wani ɗan ƙulli a gaɓoɓinsu, da siffar wasu ƙwayoyi na musamman da ke tsirowa a fuskar shimfiɗar. Akwai kuma ruwan aidin da Václav Melzer ya haɗa a 1924, wanda ke mayar da irin wasu jinsuna shuɗi-baƙi. Tun 2012 masana suka amince da wani yanki na ƙwayar gado da ake kira ITS a matsayin shaidar tantance jinsi.

Littattafan da aka fi dogara da su a wannan fanni a Turai aka rubuta su. Fitacce a ciki shi ne mai juzu'i takwas da John Eriksson da Leif Ryvarden da Kurt Hjortstam suka fitar a Oslo daga 1973 zuwa 1988, a kan jinsunan arewacin Turai. A Sudan, S. A. J. Tarr ya wallafa jerin fumfuna da cututtukan tsirrai na ƙasar a 1955, sai dai hankalinsa ya fi karkata ga amfanin gona. Don haka hoton da ya yi kama da na wani littafin Turai bai isa hujjar suna ba, kuma samfurin da aka adana da kyau daga dajin Sinja ko Rusairis yana da daraja a wajen masana.

Ga yadda ake ɗaukar samfuri. A ɗauki hoto tun yana wurinsa, da tsabar kuɗi a gefe don a ga girma. A yanko yanki har da gefensa da ɗan itacen ƙarƙashi. A rubuta rana da wuri da sunan bishiya. A shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa, domin zafi mai tsanani yana iya lalata ƙwayar gado. A ajiye a ambulan takarda, ban da leda, don leda tana riƙe gumi. Wuraren da za a nemi shawara sun haɗa da Hukumar Binciken Aikin Gona da Jami'ar Jazira a Wad Madani, da ofisoshin gandun daji. Masu karatu a Nijar suna da INRAN, na Najeriya kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya.

Amfaninta da 'yan uwanta a gona

A daji wannan halitta ma'aikaciya ce. Ita ke mayar da matattun rassa taki. Idan aka gan ta a busasshen reshen bishiya mai rai, yawanci bayan mutuwar reshen ta zo. A dazuzzukan sunut na Sudan, bushewar rassa daga sama an daɗe ana danganta ta da wani ƙwaro na dangin Sphenoptera da tsutsarsa ke cin ƙarƙashin ɓawo.

Wasu jinsunan sun yi suna a kimiyya. Phanerochaete chrysosporium, wadda aka bayyana a 1974 daga hamadar Arizona ta Amurka, tana bunƙasa a zafin da ya kusan digiri 40. A jikinta aka gano sinadarin da ke narkar da lignin a 1983. A Ingila da arewacin Turai kuma ana shafa Phlebiopsis gigantea a kan sababbin kututtura don ta riga wata cutar saiwa kama wurin.

Akwai kuma masu cutar da manomi. Rhizoctonia solani, mai kashe ƙananan tsiron auduga daga gindi, ta wannan rukuni ce. Haka ma Athelia rolfsii, mai ruɓar da gindin gyaɗa da tumatur, wadda ake ganewa da farin zare a gindin shuka da ƙananan ƙwayoyi masu kama da gero. Mai lambun mangwaro ko lemo kuma, idan ya ga shimfiɗa mai launin ja-ja ta zagaye reshe mai rai ganyensa yana bushewa, ya yanke reshen daga ƙasan tabon ya ƙone shi.

Matakin da mai gida zai ɗauka

- Idan tabon yana jikin azarar da ke ɗauke da rufin ƙasa, a fitar da masu kwana a ɗakin, a tokare azarar da gwafa kafin a fara soka wuƙa.
- A nemo inda ruwa ke shiga: tsagewar rufi, toshewar indararo, ko ƙasar da ta taru a gindin katanga. Gyaran da bai tsayar da ruwa ba, aikin banza ne.
- A buɗe ƙofa da taga, iska ta ratsa.
- Azarar da wuƙa ke nutsewa a cikinta, ko wadda bakinta ya ruɓe a cikin katanga, a sauya ta. A duba maƙwabtanta ma.
- Kada a shafa fenti a kan itace mai danshi, domin yana kulle ruwan a ciki.
- Sabon itacen gini a ɓare ɓawonsa, a jera shi a kan duwatsu a inuwa har ya bushe. Sinadarin boraks yana kare itacen da ke ƙarƙashin rufi, amma ruwan sama yana wanke shi a waje.
- Itacen girki da na gawayi a ɗaga shi daga ƙasa. Ruɓaɓɓen itace ya riga ya rasa nauyi, wutarsa ba ta daɗewa, gawayinsa ba shi da auki. Tsohon katakon layin dogo da aka jiƙa da baƙin mai, da katako mai fenti, kada a yi girki da su.

Ba a cin fumfunar shimfiɗa, kuma taɓa ta da hannu ba ya cutarwa. Amma lokacin fitar da ruɓaɓɓen itace daga ɗaki a ɗaure hanci da ƙyalle, musamman masu asma.

Mai shiga dajin ƙaya neman itace kuma ya sa takalmi mai rufi. Cutar maisetoma, wadda a Sudan ake kira nabit ko madura, ta yi yawa a jihohin Jazira da Sinnar. Wasu ƙwayoyin cuta ne na cikin ƙasa, dabam da fumfunar shimfiɗa, ke shiga jiki ta raunin ƙaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2016. Duk kumburin ƙafa marar zafi da ya ƙi tafiya, a kai shi asibiti da wuri.

Lokacin da ya fi dacewa a zagaya gida da wuƙa da tocila shi ne sau biyu a shekara: kafin saukar ruwan farko a watan Yuni, da kuma bayan ɗaukewarsa a watan Oktoba, lokacin da shimfiɗar ke fitowa fili.